GARGAƊI: masu motocin rimot na naitiro ku yi hattara da mai sayar da kayan birki a intanet

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa masu wasan motocin rimot irin masu inji da ke shan man naitiro, don Allah ku karanta har ƙarshe kuma ku tura wa duk wanda kuka san yana wannan harka. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da Instagram da guruf-guruf na WhatsApp yana tallar abin da yake kira cikakken kit na birki da saitin tuƙi, wai in ka ɗaura wa motarka za ta riƙa tsayawa cak ta kuma sha kwana kamar ta gasar duniya. Wallahi ƙarya ce. Mutanenmu sun tura masa kuɗi, wasu an aiko musu da tarkace, wasu ko tarkacen ma ba su gani ba, yana ganin alat sai bulokin. Sunan shafinsa canzawa yake, lambar asusun ma haka, don haka salon aikinsa za ku riƙe.

Ya san inda ke mana ciwo. Mu kaɗan ne masu wannan wasa, kayan gyara ba a kasuwa suke ba, in faifan birki ya cinye sai ka yi oda daga waje ka jira ga tsadar dala ga kuɗin kawowa, to sai ga mutum yana cewa kaya na hannu kuma a rabin kuɗi. Hotunan da yake sawa na motoci ne irin su Kyosho Inferno da Mugen MBX8 da Losi 8ight, duk kwaso su ya yi daga shafukan wasu, kuma ya iya bakin harkar sosai, zai yi maka maganar dif (giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi) da kamba (karkatar da ake ba taya) har ka ce wannan ɗan gida ne. Daga nan sai gaggawa, saura biyu, wani ya ce zai biya yau, in kana so tura yanzu in yi maka webil. Ka ce ya kira ka ta bidiyo ya nuna kayan sai ya ce netwok babu kyau.

Kwalin da ya aiko wa wani ɗan uwanmu na gani da idona na kuma taɓa da hannuna. Faifan birkin, jama'a, daga tsohon allon lantarki aka yanko shi, irin na cikin rediyo, in ka ɗaga shi a rana kana ganin ragowar koren fenti da layukan tagulla a gefe inda sanfefa ba ta kai ba. Ramin tsakiya bai zauna daidai ba, faifan na rawa yana karkata. Fad ɗin kuma, wato abin da ke matse faifan, wani abu ne aka liƙa da gam a jikin ƙarfe, da farce ya ɓanɓare. Ga wanda bai sani ba, a bogi, wato irin wannan motar rimot, mai girman 1/8 na motar gaske, birkin a jikin dif na tsakiya yake, faifai ɗaya na gaba ɗaya na baya, kuma sarbo ɗaya, wato ƙaramar na'urar da ke motsawa da umarnin rimot, shi ne ke jan totur da birki gaba ɗaya, in ka ja kunamar rimot ya buɗe kafireta in ka tura ta ya matse faifan. Dole faifan ya zama miƙaƙƙe yana ɗan motsi a kan mazauninsa ba tare da ya cije ba, in ya karkace birkin zai riƙa kamawa yana saki.

Sai man silikon. Kwalba uku ya aiko an rubuta 3000 da 5000 da 7000, wato kaurin man dif na baya da gaba da tsakiya irin yadda mutane da yawa ke fara saiti. Gwajin ba wuya, ka kifa kwalaben tare ka kalli kumfar iska tana hawa, a na gaske kumfar 7000 a hankali take tafiya ta 3000 ta riga ta isa sama da nisa. Nasa duk ukun tare suka iso, abu ɗaya ne aka raba aka liƙa lamba daban-daban, kuma yana warin man giya alhali silikon fari ne tas ba ya wari. Wanda ya zuba wannan a dif to ya yi ta juya noti har gobe motar ba za ta saitu ba, domin kaurin man nan shi ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi, in na tsakiya ya yi ruwa da yawa sai ka ga tayoyin gaba na kumbura suna juyawa a banza in ka ba da wuta. Man shokozoba ma haka ya yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sarbo. An liƙa masa takardar kamfanin sarbo na Savox, a talla ya ce haƙoran ƙarfe ne, da aka kwance sukurori huɗun nan aka buɗe sai ga haƙoran roba farare. Jabu ne, kamfanin ba ruwansa. Ku tuna motar nan ta haura kilo 3, inji .21 gare ta wato 3.5cc, kuma tana wuce kilomita 60 a awa ba wasa. In haƙorin sarbo ya ɓalle totur a buɗe, birki ya tafi totur ya tafi a lokaci guda, felsef ɗin risiba, wato tsarin da ke sa mota ta tsaya in sigina ta yanke, shi ma ba zai cece ka ba tunda shi umarni kawai yake ba sarbon, sarbon kuwa ya mutu. Mu kuma a fili muke wasa, kun san yadda yara ke taruwa da sun ji ƙarar injin nan. Ƙafar yaro fa, tsakani da Allah. Wannan ya wuce maganar asarar kuɗi. Kowa ya sa sifirin ɗin da ke maido da totur a motarsa ko da sarbonsa na gaske ne.

Bayan haka yana karɓar kuɗi daban wai na sirrin saiti, ya turo maka takarda ta PDF. Takardun saiti ne da kamfanoni irin su Kyosho da Mugen da Xray ke sawa kyauta a shafukansu, shi dai ya goge sunan ya sa nasa. Shawarar da yake ƙarawa da bakinsa kuma ɓata mota take, wai ka ɗaure birki tamau har tayoyi su kulle. A'a. In kunama na tsakiya motar ta gangara da kanta in ka tura ta da hannu, birki bai kamata ya riƙa gogawa ba, in yana gogawa faifai zai yi zafi inji ya wahala kulochi ya ƙone. In ka taka birki gaba ɗaya ka tura motar a ƙasa, tayoyin su yi nauyi sosai amma kar su kulle da wuri. Birkin gaba in ya yi yawa motar za ta ƙi shiga kwana ta tafi miƙe, na baya in ya yi yawa gindinta zai juyo ta yi katantanwa. Da 'yan zobban nan na jikin sandar birki ake daidaitawa, kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda sannan ka gwada. Kuma saitin da ya yi a kan kwalta ba zai yi a kan jar ƙasa mai ƙura ba, duk wanda ya ce maka yana da saiti ɗaya na ko'ina to kuɗinka yake so. Sau da yawa ma birkin da ya ƙi kamawa mai ne daga salansa ya taɓa faifan, ka wanke ka ɗan goga fad da sanfefa mai laushi ya dawo.

Yanzu ya fara tallar injuna wai sababbi. Kar ku biya sai kun riƙe a hannu, ku cire fulogi ku juya filawil da yatsa, inji mai rai za ka ji fistin ya ɗan cije a can sama, in ya wuce sumul to ya gama aiki, galibi ƙura ce ta cinye shi.

Duk wanda ya riga ya ɗaura kayan mutumin nan ya cire yau kafin ya sake tayar da inji, ya fara da sarbon. Wanda ya tura kuɗi kar ya goge hirar, ya ɗauki sikirinshot na komai har da rasit, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, ya kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, sannan ya yi rifotin shafin. Muna haɗa shaidu wuri ɗaya don mu kai tare, in abin ya shafe ka ka yi min magana ta inbos da ranar da ka biya da lambar asusun da ya ba ka.