Ƙaramin injin walda na inbata mai lamba 250: abin da yake iyawa a garejin gida da inda yake gazawa

Shagunan kayan aiki a Kaduna, daga Panteka zuwa kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sun cika da ƙananan injinan walda na inbata, masu allon lantarki maimakon babban taransfoma, ƙirar Sin, waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa ya hau babur da su. Kala daban, suna daban, amma cikinsu kusan ɗaya ne, kuma a jiki za ka ga an rubuta MMA-250 ko ZX7-250, wani lokaci har 300. Masu sayen su yanzu ba masu walda na bakin titi kaɗai ba ne. Har da ma'aikaci mai son ya haɗa teburin aiki ranar Asabar, da mai tsohuwar Peugeot 406 da ya gaji da kai ta gareji kan salansa mai karkarwa. A taƙaice injin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ka saye shi a matsayin abin da yake, ba abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Lambar nan ta 250, wadda ke nufin amfiya 250 na wutar walda, ba gaskiya ba ce, kuma ba sai an buɗe injin ake ganewa ba, lissafi ya isa. A walda ta sanda, ƙarfin wutar da ke bakin ilaktirod, wato sandar walda, ana ƙiyasta shi da folt 20, a ƙara 0.04 kan kowace amfiya. Amfiya 250 ke nan tana son folt 30, wato wat 7,500 a bakin sanda, ban da abin da ke salwanta cikin injin ya zama zafi. To duba fulogin da injin ya zo da shi: irin mai ƙafa uku ne na amfiya 13, wanda a kan folt 230 bai kai wat 3,000 ba. In ka cire asarar cikin inji, abin da wannan fulogi zai iya ɗauka ba tare da ya yi zafi ba bai wuce amfiya 100 zuwa 110 na walda ba. Allon lambobin da ke gaban injin yakan nuna inda ka juya maɓalli ne kawai, ba wutar da ke fita ba. Gwaji mafi sauƙi a shago shi ne a sa sanda geji 8, mai kaurin milimita 4, wadda ke son amfiya 140 zuwa sama. A mafi yawan waɗannan injinan, ko an mirɗa maɓalli har ƙarshe, sandar za ta riƙa liƙewa tana tara ƙarfe a sama ba tare da ta narka na ƙasa ba.

Wannan ba abin fasa saye ba ne, domin aikin gida ba ya son geji 8. Sanda E6013 geji 12, milimita 2.5, tana ci da kyau tsakanin amfiya 60 da 90. Geji 10, milimita 3.2, tana son 90 zuwa 130. Da waɗannan biyu ake haɗa angul, bututu mai kusurwa huɗu, ƙofar gida, tagar ƙarfe, kejin janareta, ƙafar tankin ruwa ƙarama da teburin aiki. A wannan zango injin ya fi tsohon taransfoma na gida daɗin hannu nesa ba kusa ba. Wutarsa DC ce, ba ta fizga, tana kamawa da zarar an goga sanda, tartsatsi kaɗan ne, ɓawon da ke rufe walda kuma yana ɗagowa da kansa in an daidaita wuta da tafiyar hannu. Mai koyo zai fi saurin gane bambancin narkakken ƙarfe da ɓawo a kansa. Ga shi nauyinsa kilo uku zuwa biyar ne, alhali taransfoman da ake naɗawa da hannu sai mutum biyu ko baro.

Kayan da suke zuwa cikin kwali su ne raunin cinikin. Wayoyin gajeru ne, kuma sau da yawa alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Kankare silin waya ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Irin wannan waya tana zafi, tana cin wuta a hanya, kuma tana karyewa a wuyan fulogi bayan lanƙwasa kaɗan. A canza su da jan ƙarfe zalla mai milimita sukwaya 16, ko 25 in za a yi su fiye da mita biyar. Maƙalin at, wanda ake cije wa ƙarfen aiki, kwano ne siriri mai raunin sifirin. Rabin ƙorafin da ake yi cewa inji ba ya kamawa daga nan yake, ko daga fenti da tsatsar da ba a goge ba a wurin da aka maƙala shi. Garkuwar fuskar roba da suke haɗowa kuwa, ta hannu ce, tana cinye maka hannu ɗaya. A nemi hular walda mai duhunta kanta, a sa ta a lamba 10 ko 11. Baƙin tabarau na rana da ake gani a idon yara a bakin titi ba ya tare hasken da ke ƙona ido, kuma ciwon ba ya tasowa nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, cikin dare, ido ya riƙa yi kamar an zuba masa yashi.

Batun wuta shi ne abin da zai raba mai jin daɗin injin da mai zaginsa. Inbata tana haƙuri da raguwar wuta fiye da taransfoma, amma idan wutar layi ta yi ƙasa sosai, kamar yadda takan yi da yamma a unguwanni masu cunkoso, sanda geji 10 za ta fara liƙewa. Mafita ita ce a sauko geji 12, ba a ƙara mirɗa maɓalli ba. A ja masa layinsa daga allon fiyus da waya mai milimita sukwaya 2.5 aƙalla, 4 ta fi, a sa soket irin na na'urar sanyaya ɗaki mai amfiya 15. Doguwar wayar ƙari da aka bari a naɗe a kan gangarta tana tara zafi har robar ta narke, don haka a warware ta duka. Janareta kuwa, ƙaramin nan mai haɗa fetur da baƙin mai ko kusa bai isa ba. Ana son mai kVA 5 zuwa sama, mai na'urar daidaita wuta ta AVR. Dalili shi ne duk lokacin da ka ɗaga sanda, nauyi yana sauka daga kan janareta farat ɗaya, wuta ta yi tsalle, kuma wannan tsallen ne ke kashe taransistocin IGBT da ke cikin injin. A tada janareta ya daidaita kafin a kunna injin walda, a kashe injin kafin a kashe janareta.

A wajen mota ne ya kamata a tsaya a yi magana dalla-dalla, domin nan ne mutane suka fi sa masa rai, nan ne kuma ya fi iyaka.

Aikin da ya fi yi da kyau, wanda shi kaɗai zai iya mayar maka da kuɗinka, shi ne ciro boltin da ya karye a cikin inji. Ɗauki boltin manifol na salansa, M8, da ya guntule daidai da fuskar tof silinda. Goge kan guntun har ya yi haske. Ɗora washa mai ramin da bai fi kaurin boltin ba, ka sa sanda geji 12 a kan amfiya 80 zuwa 85, ka ɗiga walda ta cikin ramin har washa ta kama guntun. Kakkaɓe ɓawon sarai, domin in ya rage a ciki walda ta biyu za ta zauna a kansa ne ta ɓalle da juyi ɗaya. Sannan ɗora noti M10 ko M12 a kan washar, ka cika cikinsa. Kada ka taɓa shi yana ja. Bari ya huce har jan ya tafi, a zuba ɗan man warware tsatsa, a sa sifana a riƙa yi gaba kaɗan baya kaɗan har ya saki. Zafin walda ne ya yi rabin aikin, shi ke kumbura guntun ya farfasa tsatsar da ta riƙe zaren. Idan tof ɗin na alminiyam ne ma an fi samun sauƙi, saboda sandar ƙarfe ba ta kama alminiyam. Noti yakan ɓalle sau ɗaya ko biyu kafin guntun ya biyo, wannan ba komai ba ne, a sake.

Salansa ana iya yi, amma da dabara. Kaurin ƙarfen bututunta bai fi milimita ɗaya da rabi ba, tsatsa kuma ta riga ta ci wani abu daga ciki. A nemi sanda mai milimita 2, ko 1.6 in an samu, a sa wuta wajen amfiya 40 zuwa 55, a juya wayoyi yadda mariƙin sanda zai koma kan alamar ragi, at kuma kan alamar ƙari. Hakan na rage nutsewar wuta cikin ƙarfe. Ba a jan layi a kan siririn bututu. Ɗigo ake yi, a ɗaga, a bari jan ya dushe, a sake ɗigawa a gefen na farko, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya taru. In ƙarfen ya riga ya zama kamar wainar da ta ƙone, ba injin da zai cece shi, a yanke wurin a sa sabon guntu. Maratayan salansa, gindin batir, ƙafar kujera da ta tsage, madogaran bamba, duk waɗannan aikinsa ne.

Jikin mota kuwa ba nasa ba ne. Kwanon ƙofa da na bonet bai kai milimita ɗaya ba, yawanci 0.7 zuwa 0.9. Sanda tana huda shi kafin ka ankara, inda bai huje ba kuma zafi ya murɗe shi, ka koma cika wurin da fila. Shi ya sa masu gyaran jikin mota suke riƙe da walda ta gas da kabaid har yau, masu hali kuma su sayi injin MIG mai waya 0.6 ko 0.8. Duk mai shagon da ya ce maka wannan inji zai yi maka ƙasan tsohuwar Peugeot 504 da tsatsa ta cinye, ciniki yake nema. Motocin Peugeot da aka harhaɗa a Kakuri da ke Kaduna tun daga 1975 suna da jiki mai ƙwari, amma kwanonsu ma kwano ne.

Akwai kuma abin da injin zai iya kamawa amma bai halatta a kama ba: tairod, boljoyin, sandar sitiyari, hannun da ke riƙe taya, da duk wani abu na birki. Waɗannan ƙarfe ne da aka gasa aka daidaita taurinsa a masana'anta. Walda tana canza taurin a gefen ɗinkin, sai wurin ya yi kyau a ido, ya karye a kan hanyar Zariya ana gudu. Sabo ake sa musu. Tankin mai ma haka, ko an juye shi an wanke, tururin da ya rage a ciki shi ne mai fashewa.

Kafin a kunna wuta a jikin kowace mota, a cire kan batir, na ragi tukuna. A maƙala at kusa da wurin walda, a kan ƙarfe ɗaya da wanda ake yi wa aiki, domin wuta tana bin duk hanyar da ta samu ta koma. In ka maƙala shi nesa, tana iya bi ta cikin boris ta bar masa tabo, ko ta bi siraran wayoyi ta kai ga ƙwaƙwalwar mota. A duba bayan wurin: kafet, soso, tiyon mai, wayoyi, da baƙin kwaltan da ake shafa wa ƙasan mota, duk suna kamawa daga ɓangaren da ba ka gani. Mota ta zauna a kan madogaran ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ko bulo ba. Kada a wanke wurin da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafin walda na mayar da shi iska mai guba. Ƙarfe mai rufin zinki, irin bututun ruwa, a goge rufin da giranda, a yi aikin a fili, hayaƙinsa fari ne yana sa zazzaɓi da ciwon kai.

Game da juriya, a jikin injin akan rubuta kashi 60 cikin ɗari, ma'ana minti shida na aiki da huɗu na hutu a cikin kowane minti goma. Kamar lambar amfiya, wannan ma an yi mata ƙari. Da geji 12 ba za ka ji shi ba, domin canza sanda da kakkaɓe ɓawo sun ishe shi hutu. Da geji 10 a jere, a garejin kwano cikin watan Maris ko Afrilu, fitilar zafi za ta kama ya yanke wuta. In haka ta faru kada a kashe shi, a bar fankar tana juyawa har fitilar ta mutu.

Abin da ya fi kashe su a Kaduna ƙura ce. Fankar tana zuƙo ƙurar hunturu, ta haɗa da garin ƙarfen da giranda ke watsawa, su kwanta a kan allon lantarki. Garin ƙarfe yana ɗaukar wuta, da damina ta kawo laima sai ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. A ɗaga injin daga ƙasa, a juya giranda tartsatsinta ya kalli wani gefe, a buɗe murfi lokaci-lokaci a hure da busasshiyar iska. Sai dai a cire fulogi a jira mintuna kafin a sa hannu, saboda manyan kafasitocin ciki suna riƙe fiye da folt 300 bayan an kashe. Sanduna ma laima na ɓata su, su riƙa tofi suna barin ƙananan ramuka a walda; a ajiye su cikin bututun roba mai murfi.

Wajen saye, farashi na bin dala, don haka a zagaya shago uku ko huɗu. A sa mai shago ya kunna shi a ƙona sanda geji 10 guda ɗaya har ƙarshe a gabanka, a taɓa waya a ji ko ta yi zafi. A leƙa ta ramukan iska: wanda allonsa ke da rufin banish mai sheƙi, da faranti babba na alminiyam mai shan zafi, ya fi daɗewa, kuma tsakanin biyu masu lamba ɗaya, mai nauyin ya fi. A tambaya ko masu gyaran lantarki na kusa suna da taransistocinsa da fankarsa, domin wasu an zuba wa allonsu gam mai tauri yadda ba ya gyaruwa, sai dai a canza allon gaba ɗaya. A sa kuɗin sababbin wayoyi, maƙalin at na kirki, hula da safar hannu ta fata a cikin lissafi tun farko, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin da aka yarda za a iya mayar da shi.