Ladan Buhu ko Kason Riba?

Masu injinan casar shinkafa a Gombe suna da hanya biyu ta saka wa manaja. Wasu suna ba shi lada kan kowane buhun da ya fita, sai aiki ya yi sauri, amma injin yakan kwana yana juyi ba wanda ya duba bel ko mai. Wasu kuwa suna yanka masa kaso a ribar shekara. Irin wannan manajan yakan tsayar da injin don gyara, ya tara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga garin Dadin Kowa tun da kaka kafin farashi ya hau, ya kuma riƙe ƙwararrun ma'aikata ko da ciniki ya ja baya. A ganina ta biyun ta fi, muddin ana buɗe masa littafin kuɗi.