Rumbun ajiya na waje: wanne za ka saya wanda kwamfutarka za ta gane?

Mafi yawan masu kukan "na jona amma kwamfuta ba ta gan shi ba" tun daga shago suka sayo matsalar. Sau da yawa rumbun lafiyarsa ƙalau. Ko dai wutar da yake nema ta fi ƙarfin ramin USB ɗin da aka soka shi, ko kebul ɗin ba na ɗaukar bayanai ba ne, ko kuwa an yi masa fomat da tsarin da na'urar ba ta jin yarensa. Saboda haka kafin ka tambayi terabayit nawa ne, fara duba kwamfutar da za ka riƙa jona shi.

Wanda ya fi cika kasuwa shi ne ƙaramin HDD mai inci 2.5, irin su Seagate Expansion, WD Elements da Toshiba Canvio. A cikinsa akwai faifai mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, yana kwafe MB 100 zuwa 130 a daƙiƙa, kuma ya fi araha idan aka auna kuɗi da girma. Ba shi da caja, daga USB yake shan wuta, to a nan gizo ke saƙa. A ma'aunin wuta na mA, ramin USB 2.0 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900, alhali injin faifan kan ja kusan 1,000 a daidai lokacin tashi. Shi ya sa a tsohuwar laftof za ka ga fitilarsa ta kama, ka ji yana ƙas-ƙas, ya tashi ya mutu, babu abin da ya fito a allo. Mai irin wannan kwamfuta ya nemi rami mai shuɗin harshe, wato USB 3.0. In babu, ya haɗa da kebul mai kai biyu wanda ke jan wuta daga rami biyu, ko abin raba USB mai tasa adaftar ta bango. A destof, ramukan baya da ke manne da bod kai tsaye sun fi na gaba aminci.

Babban HDD mai inci 3.5 ba ya wannan rigima, don yana zuwa da adafta mai 12V. Tasa matsalar ita ce ɗauke wuta: laftof na ci gaba da batir, shi kuwa ya mutu a tsakiyar rubutu, wani lokaci har jerin fayilolin ya rikice. Wanda ba shi da UPS ko inbata ya haƙura da shi.

Ɗaya nau'in rumbun, SSD, a memori yake ajiya kamar filash, babu abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya neman waccan wutar ta tashi, kuma girgizar adaidaita ko faɗuwa daga tebur ba ta cika yi masa komai ba. SSD iri biyu ne, gwargwadon mahaɗin da ke cikinsa: nau'in SATA yana kai MB 400 zuwa 550 a daƙiƙa, NVMe kuma kusan 1,000 idan ramin mai 10Gbps ne. Amma a ramin USB 2.0 kowanne rumbu ba ya wuce MB 40, ka ga tsadar ta tafi a banza. Ga ɗalibi ko mai ɗaukar hoton biki da ke yawo da shi a jaka, SSD mai TB 1 ya fi HDD mai TB 2 amfani. Wanda kuwa tara tsofaffin bidiyo kawai yake yi a gida, HDD ya ishe shi. A sani dai, HDD kan yi gargaɗi da ƙara ko nauyin aiki kafin ya mutu, SSD kuwa rana ɗaya zai ɓace, ceto bayanansa kuma ya fi wuya.

Akwai hanyar da masu gyara suka fi so: sayen kwanso daban, a saka rumbun tsohuwar laftof a ciki. Daɗinsa, in bakin kwanson ya lalace sai a sake wani, bayanai na nan. Yawancin ƙananan WD My Passport da Elements ba sa ba da wannan dama, domin bakin USB ɗin a jikin rumbun aka narke shi, babu SATA a ciki. Sai dai kwanso ma yana da tarko. Siririn SSD ɗin nan M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kamanninsu kusan ɗaya, kuma kwanson da aka yi wa ɗaya ba zai gane ɗayan ba ko da ya shige daidai. Karanta jikin kwalin, ko ka sayi mai ɗaukar duka biyun. Sannan rumbun da aka ciro daga laftof mai Windows 10 ko 11 yana iya zuwa a kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai. Zai fito da alamar kwaɗo, yana neman lambobi 48 waɗanda galibi ke cikin asusun Microsoft na mai laftof ɗin.

Kebul kuwa, USB-C siffar baki ce kawai, ba alƙawarin gudu ba ce. Wanda ya zo da wayarka yawanci USB 2.0 ne, wani ma caji kaɗai yake yi. Riƙe wanda ya zo a kwali. Faffaɗan bakin Micro-B na ƙananan HDD saurin sassautawa gare shi, kada a naɗe kebul ɗin yana soke.

Inda aka fi shan wahala shi ne fomat, wato tsarin da rumbu ke jera fayiloli da shi. Yawancin rumbunan Windows da NTFS suke zuwa: Windows na karantawa da rubutawa, Linux ma haka, amma Mac karantawa kawai yake yi, ba za ka iya ajiye komai a kai ba. Wanda aka yi wa APFS ko HFS+ don Mac, Windows ba zai nuna shi a This PC ba sam. exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, shi ne ke shiga ko'ina, Windows, Mac da Linux na zamani, sai dai ba ya ajiye rajistar abin da yake rubutawa kamar NTFS, don haka fizge shi ba tare da danna Eject ba ya fi cutar da shi. FAT32 tsofaffin talabijin da dikoda ke so, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce GB 4, fim ɗaya mai kyau ya wuce haka. Idan Windows kaɗai kake amfani da shi, zauna a NTFS. Idan kana kai-komo tsakanin Mac da Windows, exFAT. Yanke wannan shawara ranar farko, domin sake fomat yana goge komai. Akwai kuma tsarin yanka rumbu iri biyu, GPT da MBR: rumbun da ya haura TB 2 a ba shi GPT. MBR a TB 2 yake tsayawa, ragowar ta zauna ba amfani.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da laftof ɗinka, ko a titin Beirut na Kano ne ko a Computer Village na Ikeja. Jona shi, danna Windows da X, buɗe Disk Management. In ya fito amma ba harafi, danna-dama ka zaɓi Change Drive Letter and Paths. Baƙin layi mai Unallocated yana nufin ba a yanka shi ba, sai ka danna-dama a kai ka zaɓi New Simple Volume. Not Initialized a sabon rumbu ba laifi ba ne. Amma a rumbu mai bayanai, ganin wannan ko kalmar RAW alama ce tsarin ya lalace: kada ka amsa tayin Format, a fara ceto fayiloli. In bai bayyana a nan ba bayan an sake kebul da rami, mayar masa da kayansa. A Mac, Disk Utility ne, ka kunna Show All Devices.

TB 1 zai nuna GB 931, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. Cutar gaske ita ce "SSD" mai TB 16 a kuɗin filash: ƙaramin katin memori ne aka sa ya yi ƙaryar girmansa, yana karɓar fayiloli yana taka na baya. Na hannu kuma a duba shi da manhajar CrystalDiskInfo, a ga awannin da ya yi yana aiki; idan Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count sun fara hawa har manhajar ta nuna Caution da rawaya, bar shi komai arahar sa. Manhaja mai tona asirin jabu ita ce H2testw, wadda ke cika rumbun da bayanai sannan ta karanto su. A HDD mai TB 1 aikin kan ci awa biyar zuwa shida, ba a tsaye a shago za a gama shi ba, don haka a rubuta maka a rasit cewa kana da kwana biyu na gwaji.