Sharhi kan wasan Through the Ages: buɗe wasa da tsarin dogon zango

Through the Ages wasan allo ne da Vlaada Chvátil, ɗan ƙasar Czech, ya ƙirƙira a shekarar 2006, kuma kamfanin Czech Games Edition ya sake fito da shi cikin sabon tsari a 2015. Wannan sabon bugun ne nake da shi, shi muke bugawa da abokaina a ƙarshen mako, kuma a kansa wannan sharhin ya dogara. Mutum 2 zuwa 4 ne ke zama a kansa, kowa yana raino al'ummarsa tun daga zamanin da har zuwa zamanin kwamfuta da jiragen yaƙi, kuma wanda ya fi tara makin al'ada a ƙarshe shi ne ya yi nasara. Babu taswira, babu yankunan da ake turawa sojoji; komai yana gudana ne ta hanyar katuna da ƙananan ƙwayoyi masu launi.

Zuciyar wasan ita ce jerin katuna 13 da ake shimfiɗawa a tsakiyar teburi. Katuna 5 na farko ana ɗaukar kowanne da damar aiki ɗaya (wato ɗaya daga cikin 'yan matakan da aka yarda ɗan wasa ya ɗauka a juyinsa), 4 na tsakiya da biyu, 4 na ƙarshe kuma da uku, sannan duk lokacin da juyi ya zo kan wani sai a zubar da na gaba-gaba, sauran su matso. Kowa yana farawa ne a ƙarƙashin mulkin kama-karya, wanda ke ba shi damar aikin mulki 4 da ta soja 2 kacal a kowane juyi, tare da manoma biyu, masu haƙar tagulla biyu, ɗakin nazari ɗaya da mayaƙi ɗaya. Da waɗannan damammaki huɗu ne za ka ɗauki kati, ka ƙara jama'a, ka gina ma'adana, ka naɗa shugaba, shi ya sa tun juyi na biyu mutum ke jin ƙuncin da zai bi shi har ƙarshen wasa.

Abin da na fi yarda da shi game da buɗe wasan shi ne, makin al'ada, duk da cewa shi ake ƙirgawa a ƙarshe, bai cancanci a bi shi da gudu a farko ba. Wanda ya fara da gina wuraren da ke ba da maki ɗaya-ɗaya yakan yi gaba a allon ƙirga na wani ɗan lokaci, amma sai ya isa zamani na biyu (wasan ya kasu zuwa zamanin da, sannan zamani na ɗaya zuwa na uku) da ma'adanan tagulla da ilimi ƙalilan, alhali gidajen sinima da manyan gine-ginen zamani na uku, waɗanda su ne ke kawo maki mai yawa, suna neman kimiyya da kayan gini da ba shi da su. A ganina buɗewa mai inganci ita ce a gina ma'adana ta uku da wuri, a ƙara ɗakin nazari na biyu, sannan a nemi duk abin da zai ƙara yawan damar aiki. Dalar Masar tana cin kayan gini 3, sannan 2, sannan 1, kuma idan ta kammala tana ba ka damar aiki ɗaya ƙari a kowane juyi har wasa ya ƙare. Kundin dokoki ma haka yake, sai dai shi ana biyansa da makin kimiyya 6. A wasan da ke ɗaukar kusan zagaye ashirin, wannan ƙarin guda ɗaya yana taruwa ya zama rata mai wuyar cikewa. Idan na samu katin shugaba Aristotle a zagayen farko ina ɗaukarsa ba tare da jinkiri ba, domin yana ba da makin kimiyya ɗaya duk lokacin da aka ɗauki katin fasaha, kuma wannan ɗan ƙarin ne ke sa a kai ga fasahar ƙarfe, mai farashin kimiyya 5, kafin abokan hamayya.

Sai dai wasan ba ya barin mutum ya karkata ga ɓangare ɗaya, kuma a nan ne gwanintar mai ƙirƙirarsa ta fi bayyana. Idan ka tara kayan gini ba ka kashe su ba, almundahana tana cinye wani kaso. Idan ka yawaita jama'a, abincin da suke ci yana ƙaruwa, farashin ƙara mutum ɗaya yana tashi daga abinci 2 har ya kai 7, kuma suna fara neman abin da zai faranta musu rai. Idan masu fushi suka fi ma'aikatan da ke zaune ba aiki yawa, sai bore ya tashi, a wannan juyin ba gona ba ma'adana da za ta samar da komai. Na ga ɗaya daga cikin abokan wasanmu ya zuba duk ƙarfinsa a kan ƙarfe, ya mai da ma'adanansa uku zuwa mataki na biyu, ƙwayoyin shuɗi na kayan gini sun cika katinsa, amma bai ɗauki katin ban-ruwa mai ƙara abinci ba lokacin da ya wuce a farashin dama biyu. Da zamani na ɗaya ya ƙare aka cire wa kowa ƙwayoyin jama'a biyu kamar yadda doka ta tanada, sai ya wayi gari da tarin kayan gini ba shi da ma'aikacin da zai sa a ginin. Kamar manomi ne da ya cika rumbu da taki ya manta da iri.

Wannan ne ya sa nake ganin tsarin dogon zango a wannan wasan ba ya nufin yanke shawara tun farko cewa za a bi hanya kaza. Katunan da kake so suna iya fitowa a makare, ko wanda ke gabanka ya riga ka, kuma kowace fasaha kwafinta kaɗan ne. Abin da ake tsarawa shi ne buƙatu: mafita ga abinci kafin ƙarshen zamani na ɗaya, hanyar barin mulkin kama-karya, da isasshen ilimi da zai sayi fasahar zamani na uku da zarar ta bayyana. Sauya gwamnati ma yana da hanya biyu, ko a biya kimiyya mai yawa a sauya cikin lumana, ko a yi juyin juya hali da araha amma a rasa duk damar aikin wannan juyin, kuma zaɓen lokacin da za a jure wannan rashin yana daga cikin shawarwari mafi daɗi a wasan. Shugabanni su ma suna tsufa su fita, don haka dole ne a riƙa tunanin magaji tun kafin kujerar ta zama fanko.

Batun soja kuwa ba a wasa da shi. Ba lallai ne ka fi kowa ƙarfi ba, amma kada ka yarda ka zama na ƙarshe da tazara mai faɗi, domin katunan aukuwa da yawa suna saka wa mai ƙarfi suna hukunta mai rauni, kuma a zamani na uku akwai yaƙin da ke kwashe makin al'ada daga hannun wanda aka ci. Wanda Napoleon ya faɗo hannunsa a zamani na biyu yana iya rusa aikin da wani ya daɗe yana ginawa. A nan ne kuma babban aibin wasan yake, domin wanda ya yi rauni tun tsakiya yakan zama abin farautar kowa, ya zauna sa'o'i yana kallon ana yagar rabonsa ba tare da wata hanyar farfaɗowa ba.

Akwai wasu abubuwan da ya kamata mai saye ya sani. Mu uku wasan yakan ci mana sa'o'i uku zuwa huɗu, matsar da ƙananan ƙwayoyin yana gajiyarwa, kuma katunan cike suke da rubutun Turanci da dole a fahimce shi daidai. Yawancin shugabannin da ke cikin akwatin Turawa ne. Sai a ƙarin katunan da aka fitar daga baya aka shigo da irin su Salahuddin da Nelson Mandela. Haka kuma a cikin katunan zamanin da akwai wanda ke ɗauke da suna da zanen Annabi Musa (AS), kuma mu a teburinmu cire shi muke yi kafin a fara, wasan kuma yana tafiya lafiya ba tare da shi ba. Ga wanda yake son ya gwada kafin ya kashe kuɗi a kan akwatin, akwai manhajar wasan a waya tun 2017, tana yin duk lissafin da kanta kuma tana koyar da dokoki mataki-mataki. Da ita nake ba sabon ɗan wasa shawarar ya fara, ya buga har ƙarshen zamani na uku ko da sau ɗaya ne, kafin ya zauna da waɗanda suka riga shi sanin katunan.