Gargaɗi ga masu gini: a kula da masu tallan wayar wuta ta "ragowar kwangila"

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai gini da ya kusa zuwa aikin wayarin, don Allah ya tsaya ya karanta. A gidan yayata abin ya faru, kuma da idona na ga wayar.

Akwai wasu mutane da ke zagaya sababbin unguwanni da mota, suna tsayawa duk inda suka ga an yi rufi ba a gama aiki ba. Sai su ce wayar wuta ce ta rage musu daga wani aikin kwangila, kuɗi suke nema da gaggawa, za su karyar da ita. Haka ɗaya daga cikinsu ya sami mijin yayata a bakin gininsa. Ya buɗe bayan mota, ya ɗauko naɗi ɗaya da aka riga aka yage ledarsa, ya fere bakin wayar ya miƙa masa, ya ce, "Alhaji, duba da kanka, jan ƙarfe ne zalla." Kuma wannan ɗayan mai kyau ne. Amma naɗi takwas da aka sauke masa a liƙe suke cikin leda, da tambari da komai, babu wanda ya buɗe ko ɗaya. Ba rasit, lambar da ya bari kuma ba ta sake shiga ba.

Wata biyar da tarewarsu, wata safiya Yaya ta jona abin dafa ruwa a kicin, yarinyarta tana guga a falo, sai gidan ya ɗauki ƙaurin roba. Soket ya yi baƙi, bangon da ke samansa ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Allah ya tsare, da rana ne kuma da mutane a gida. Da mai gyara ya jawo wayar daga cikin fayif, robar ta narke ta manne da juna. Ya sa wuƙa ya kankare silin ɗaya, jan ya tafi, ciki fari fat. Goran ruwa ne aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe sama-sama.

Ga inda illar take. Sauƙin da wuta ke samu wajen ratsa goran ruwa kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na wanda take samu a jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi, don haka ya fi saurin yin zafi, kuma yana sassaucewa a wurin ɗauri har ya riƙa tartsatsi. Ga ha'inci a kauri: an rubuta 2.5, wanda ake sa wa soket, amma da aka gwada da ta gaske sai ta fi kama da 1.5 ta fitila. Naɗi ɗaya da ya rage muka warware muka auna, mita 100 ɗin da ke jikin leda ba ta cika ba.

Abin yana min ciwo in na tuna gidan mahaifinmu. Tun kafin a haife ni aka yi masa wayarin, har yau ba a taɓa zare waya ɗaya ba. Gidan da bai shekara ba kuwa ga shi ana fasa bango.

Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar, kuma a naɗin da za a ba ka za ka yi shi, kowane ɗaya, kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Kankare wayar da wuƙa: ta gaske ja ce har cikinta. Sa mata wutar laita: jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya yadda yake, ta jabu kuwa sai ta lanƙwashe ta karye. In akwai sikeli ya fi. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya mai 2.5 shi kaɗai ya haura kilo 2, ban da robar, don haka naɗin da ya ji sakayau a hannu ka ajiye shi. A duba alamar inganci ta NIS, ta hukumar kula da ingancin kaya (SON), a jikin wayar da aka ƙera a Najeriya, sai dai tambari kaɗai bai isa ba, don shi ma kwaikwayonsa ake yi. Wanda ya ce in ka yage leda ka saya, bar masa kayansa.

Masu aikin wayarin kuma, ku ji tsoron Allah. Wanda ya yi wa yayata aiki ba zai ce bai ji rashin nauyin wayar nan a hannunsa ba, amma ya zura ta a bango ya karɓi kuɗinsa ya yi shiru, alhali yara ne za su kwana a ɗakunan.

Yanzu haka Yaya da yaranta suna gidanmu, ana zare wayar ɗaki bayan ɗaki. Don Allah a tura wa duk wani ɗan'uwa da ke gini, musamman waɗanda suke nesa suna aiko da kuɗi ana yi musu saye.