Gidan shuka: na cikin kwali ko na fayif da raga?

Hajiya, kin tambayi wane gidan shuka ya fi dacewa da ke, wato rumfar da ake noman kayan lambu a cikinta. To, tsakanin ƙaramin gidan shuka mai koriyar leda da ake sayarwa a kwali da wanda ake haɗawa da fayif ɗin galbanaiz (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa) a lulluɓe da raga, ki ɗauki na fayif, tunda a Kano kike.

Irinsa gare ni a bayan gida. Mai walda ne ya lanƙwasa mini fayif ɗin, muka haƙa wa kowace ƙafa rami mai zurfin santimita 50, muka zuba kankare. Akwai daren da iskar farkon damina ta yaye kwanon shagon maƙwabcina. Da asuba na fita gabana yana faɗuwa, sai na tarar ko igiya ɗaya ba ta kwance ba, tumatir da tattasai suna tsaye da furensu. Wallahi ranar na san kuɗina bai tafi a banza ba. Ragar kuma tana tare farin ƙuda da malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016.

Na kwali kuwa, ba laifi wajen rainon iri lokacin hunturu, iyakarsa ke nan. Don ƙasashen sanyi aka ƙera shi, aikinsa riƙe zafi. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40 a waje, balle cikin leda, alhali tumatir da ya wuce digiri 35 yake fara zubar da fure. Ga mahaɗan fayif ɗinsa na roba ne, rana tana gasa su har su tsage.

Wajen haɗawa, kada a ɗaure noti tamau sai ƙarfen ya tashi gaba ɗaya an daidaita shi, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufu ba. A sa ƙarfe ya gitta a karkace a kowace kusurwa, shi ke hana gidan kwanciya. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka kada dogon gefen ya tare gabas, kada kuma ƙofa ta kalle ta. Iskar da ta samu shiga ciki ita ke ɗaga gida sama, shi ya sa nake matsa wa mutane a kan gindin raga: a bar rarar santimita 30, a binne ta cikin ƙasa a zagaye, a danne sosai. Ɗora bulo kawai ba ya isa. A ja ragar da sassafe kafin iska ta tashi, a tsallaka igiya ta sama tsakanin ƙarafan a ɗaure a turke. Inda raga ke gogar ƙarfe a naɗe wurin da tsohon ƙyalle. Bayan hunturu a wanke ƙura da ruwa, don tana toshe idon ragar.

Sai ki yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu baƙin fayif suke shafa wa fenti mai ruwan azurfa su ce galbanaiz ne. Ki kankare da ƙusa ki gani ko fenti ne kafin ki biya. Wasu kuma ragar taga za su miƙo miki, ko ledar gini a madadin mai jure rana. Ki ce ragar ƙwari mai lamba 50 kike so (lambar ma'aunin ƙanƙantar idon raga ce), ki nemi ganin takardar da ke jikin naɗin. Idan za ki sa leda a rufi saboda ruwan damina, mai kaurin maikiron 200 mai kariyar rana za ki saya, gefuna kuma su zama raga.

In kuɗin bai kai ba, ki rage girman gidan, kada ki rage kaurin fayif. Mita 3 a mita 6 ya ishe ki farawa.