Famfon mai ne ko sensar kirankshaf?

Ɗan'uwa, ka ce Peugeot 406 ɗinka tana mutuwa ana cikin tafiya da zarar inji ya ɗau zafi, in ta huta sai ta tashi, bakanike kuma ya ce a sayo famfon mai. Dakata tukuna. Abu biyu ne suka fi jawo wannan, kuma kowanne da irin tasa mutuwar.

Famfon mai yakan yi gargaɗi. Ka taka totur mota ta ƙi ja, ta riƙa fizga, musamman a hawan tudu ko da lodi, sannan ƙarfi ya zube a hankali. Ita kuwa sensar kirankshaf ɗif take ɗaukewa, kamar an murɗe makulli. Ita ce ke sanar da kwamfutar mota juyin inji. Idan zafi ya raba siririyar wayar da ke cikinta, kwamfuta sai ta yanke wuta da mai lokaci guda. Da ta huce, wayar ta sake haɗewa.

A lokacin da ta mutu ake gane mai laifi, ba washegari a gareji ba. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Lafiyayyen famfo yakan yi gurnani na kamar daƙiƙa 2. In shiru ne, a fara duba fis da rile (makunnin da ke tura wa famfo wuta), don sau da yawa su ne, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. In ya yi gurnani, a ciro filogi a gwada tartsatsi, nesa da fetur. Ga famfo na aiki amma babu tartsatsi? Zargi ya koma kan sensa, kuma na'urar sikan takan nuna P0335, wato lambar matsalar sensar kirankshaf.

Sai dai gurnani ba ya nufin ƙarfin famfon ya isa. A sa gejin auna matsin mai, ya kamata a ga kusan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne). Kuma toshewar filtar mai na kwaikwayon ciwon famfo sak, balle ga mai yawan shan man bumburutu. Yawo da tanki a ƙasa ma na kashe famfo, tunda fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

Ni dai in ɗif take ɗaukewa, sensa zan fara nema. Kafin a gyara, ka guji doguwar hanya, don in inji ya mutu sitiyari da birki tauri suke yi.